Tambayi Likita: Allurar da ake tallatawa don cutar ƙwaƙwalwa ta CJD

Tambaya: Likita, cin ƙwaƙwalwar ragon hadaya yana jawo cutar haukan shanu? Daga wani alhaji a Makka.

Amsa: A'a Alhaji. Wadda ta ɓulla a Birtaniya a 1986 ta shanu ce, irin ta tumaki kuwa ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba. Amma dabbar da ke tangaɗi kada a ci, dahuwa ba ta kashe wannan cuta.

Tambaya: Ana ɗaukarta ta musafaha ko cin abinci kwano ɗaya?

Amsa: Ko kusa.

Tambaya: A Jidda likitoci sun ce mahaifina na da CJD, har ya daina gane mu. Wani a WhatsApp yana sayar da allurar aptamer, kawuna kuma ya ce a yi masa lalas a ƙeya. Ya zan yi?

Amsa: Allah Ya ba shi sauƙi, 'yar'uwa. Ki riƙe kuɗinki.

CJD dangin cutar haukan shanu ce: wani furotin ne na ƙwaƙwalwa, prion, yake lanƙwashewa, sai ya riƙa lanƙwasa lafiyayyun 'yan'uwansa. A kansa Stanley Prusiner ya sami kyautar Nobel a 1997. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin miliyan take kamawa a shekara, kuma har yau ba ta da magani.

Aptamer ba ƙarya ba ne. Guntun zaren DNA ko RNA ne da ake ƙerawa don ya maƙale wa wani furotin ya hana shi ɓarna. Sai dai jini na saurin narkar da shi, ƙoda ta fitar da saura, shi ya sa masana ke sauya masa sinadari don ya jure. Ko ya jure, ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa wani aiki ne. A 2004 Amurka ta amince da irinsa don ciwon ido, amma na prion yana ɗakin gwaji. To shi mai WhatsApp daga ina ya samo nasa?

Lalas kuwa, haba! Tsohon da ba ya iya cewa ya ji zafi za a ɗora wa ƙarfe mai wuta? Gyambo kawai za ku ƙara masa. Ki ba kawu haƙuri. Addu'a dai a ci gaba da yi.

Ki riƙa juya shi kada kwanciya ta ci masa baya, abinci mai laushi, yana zaune. In ya fara ƙwarewa, ko zazzaɓi, ko fizge-fizge ya tsananta, asibiti nan take. Na san masu matsalar iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) suna ɗari-ɗari, amma dai a kai shi.