Tambaya da Amsa: Me ya sa naman rago yake motsi bayan yanka, daga baya kuma ya sandare?

Tambaya: Malam, a lokacin layya na lura cewa naman rago yana ta motsi ana cikin fiɗa, amma bayan wasu sa'o'i sai ya yi tauri, ƙafafun su ƙi lanƙwasuwa. Mene ne dalilin haka? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Malama, abubuwa biyun da kika gani tushensu ɗaya ne, kuma yana cikin ƙwayoyin halittar tsokar da ke manne da ƙashi, wato jan naman da muke ci. Ƙwayar tsoka ta sha bamban da sauran ƙwayoyin jiki: doguwa ce siririya, kaurinta bai cika wuce mikromita 100 ba (mikromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), amma tsawonta yakan kai santimita da dama. Tana kuma da cibiyoyi, wato sassan da ke ɗauke da bayanan gado, masu yawa maimakon guda ɗaya, domin tun a cikin mahaifa ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗe suka zama ita.

A cikinta akwai zarurruka jere da juna, kowane zare kuma ya kasu gaɓa-gaɓa. Ana kiran gaɓar sakomiya, tsawonta kusan mikromita 2, kuma a nan aikin yake. Furotin iri biyu ne suka shiga tsakanin juna a cikinta: mayosin mai kauri da aktin siriri. A shekarar 1954 masu bincike a Ingila da Amurka, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a gefe guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya gefen, suka nuna cewa idan tsoka ta motsa, mayosin da aktin ba gajarcewa suke yi ba, zamewa suke yi a kan juna. Idan saƙo ya zo ta jijiya daga laka, sai ma'ajiyar da ke cikin ƙwayar ta saki sinadarin kalsiyam, shi kuma ya buɗe wa kawunan mayosin wurin kama aktin. Daga nan kowane kai zai kama, ya ja, ya saki, ya sake kamawa gaba, kamar yadda mai jan ruwa a rijiya yake yi da igiyar guga.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne ainihin amsar tambayarki, shi ne cewa sakin ma yana buƙatar ƙarfi. Kan mayosin ba ya rabuwa da aktin sai sinadarin da ake kira ATP, wanda shi ne ke ba ƙwaya ƙarfin aiki, ya manne masa, kuma da wannan sinadarin ne ake mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa don tsoka ta huta.

Bayan an yanka rago, ƙwayoyin tsoka ba sa mutuwa nan take. Akwai sauran ATP a cikinsu, saboda haka da wuƙar mahauci ta taɓa ƙarshen wata jijiya, ko aka barbaɗa gishiri, sai ki ga wurin ya yi ta rawa. Amma da yake jini ya daina kai iskar oksijin, ƙwayoyin sukan koma ƙona sukarin da suka ajiye har ya yi ƙasa, ATP ya ƙare, kalsiyam ya tsiyayo, kawunan mayosin su kama aktin su kasa saki. Wannan shi ne sandarewar, kuma ita ce take faruwa ga gawar ɗan Adam, galibi tana farawa cikin sa'o'i 2 zuwa 6, zafi kuma yana gaggauta ta.

Daga baya naman yakan sake laushi, domin wasu sinadarai da ke cikin ƙwayar suna yanyanka furotin da ke riƙe da zarurrukan. Saboda haka naman da aka dafa yana tsakiyar sandarewa ya fi wahalar tauna fiye da wanda ya kwana. Sai dai a irin zafin ƙasarmu, duk mai son nama ya kwana don ya yi laushi lallai ne ya ajiye shi a firiji, domin ƙwayoyin cuta ba sa jiran laushin ya zo.