Amsa: Boxer dina yana mutuwa a hanya, sai ya huta yake sake tashi

Dan'uwa sannu, yadda ka ce mashin yana tashi lafiya amma in ka yi 'yar tafiya sai ya fara shakewa ya mutu, in ya huta kuma ya tashi, ni dai na fi zargin mai ne baya isa kafireto yadda ya kamata, kar ka yi saurin yarda a sauke maka inji.

Fara da murfin tanki. Akwai 'yar kofar iska a jikinsa, in kura ta toshe ta mai baya sauka, to da zarar ya mutu maza ka bude murfin, in ka ji iska ta shiga "fuuu" kuma ya tashi nan take ka kama barawon. In ba shi ba ne, zare tiyon da ke shiga kafireto ka bude famfon mai ka gani, zuba yake sosai ko digo-digo? In digo ne rariyar famfon ta cika da datti ko tsatsar tanki.

Sannan akwai dan sukuru a kasan kafireto, kwance shi ka tari man a kwalba mai haske, ruwa ya fi fetur nauyi saboda haka zaka ganshi kwance a kasa, musamman in kana yawan shan man 'yan bumburutu ko ka bar mashin a ruwan sama.

In ta kai ga wanke jet, wato dan karfen nan mai siririn rami da mai ke bi a cikin kafireto, don Allah kar ka bari bakanike ya zura allura ko waya, ramin yake fadadawa mashin ya koma shan mai kamar me, iska za a hura. Ka duba filogi ma, in ya yi baki kirin da kunkunniya mai ya yi yawa, in fari fat kuma mai ya yi kadan.