Ruwan da ka bari a ƙasa ya fi tsani haɗari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka fara wankin tagogi a Ingila a watan Satumba, kana tambaya ko ana fita aiki idan ƙanƙara ta kama. Shekarata tara ina wannan sana'a a Manchester. Ana fita, amma ba kullum ba.

Sabon shiga tsani yake tsoro. Ni kuwa ruwan da nake bari a ƙasa ya fi tayar min da hankali. Doguwar sandar nan mai tiyo da muke wanke tagogi da ita daga ƙasa tana kwararar da ruwa a bango har dandamalin ƙofa, kai kuma ka naɗe kayanka ka wuce. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, kuma da safe daɓe ya fi iska sanyi, don haka ko wayarka ta nuna 2 ko 3 kada ka saki jiki. Ƙanƙarar siririya ce, ba ta da launi, sai ka ɗauka jiƙa ce kawai.

A sanyin Disambar 2022 na wanke wani gida na tafi. Mai gidan, dattijuwa, ta fito zubar da shara, santsi ya kwashe ta a kan ruwan da na bari. Allah Ya taƙaita, targaɗe ta yi a wuyan hannu. Ina da inshora, amma da ƙugunta ne ya karye, wace takarda ce za ta wanke ni a gabanta?

Tun ranar buhun gishirin titi, mai narkar da ƙanƙara, bai bar motata ba. Ina barbaɗawa kafin in jiƙa wuri, in ƙara bayan na gama, ina kauce wa shuke-shuken mutane domin yana ƙone su. Tagar da ke saman ƙofar shiga da hannu nake goge ta, da tsumma da ɗan ruwa kaɗan, ko in ce musu sai wani zuwan. Ba na farawa kafin ƙarfe 10. Ina soma da ɓangaren kudu, inda rana ke bugawa. Na arewa a Disamba ko ganinta ba ya yi. Ga magariba kafin ƙarfe 4, yinin bai da tsawo.

Kada wani ya ba ka shawarar watsa tafasasshen ruwa a gilashi mai sanyi. Tsagewa zai yi, musamman idan da ma yana da ɗan tabo.

Tsani kuwa, dokar aiki a sama ta 2005 cewa ta yi a guje wa hawa matuƙar da wata hanya. Idan ya zama dole, duk tsayin mita 4 ka ja gindinsa mita 1 daga bango. A kan ƙanƙara dai ba na kafa shi, ko nawa za a biya.

Da dare ka tsiyaye ruwan da ya rage a cikin injin turo ruwa da tiyon, ko ka shigar da su ɗaki, in ba haka ba ka wayi gari sun fashe. Kuma ka fara ajiye wani abu tun yanzu, don Janairu sai ta cinye maka mako guda kana zaune a gida.