Zauren Tambaya da Amsa: Da gaske ne an taɓa rataye mayu a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar tarihi ce a aji biyu na jami'a. Rannan malaminmu ya ce shekara 400 da suka wuce mutanen Ingila suna zuwa wurin boka, har kotu tana yanke wa mayu hukuncin kisa. Da na gaya wa kawuna sai ya ce sam, Baturen da ya kawo asibiti da makarantar boko, ina shi ina camfi? Don Allah a warware mana. Kuma ina addininsu yake lokacin da ake wannan abu? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya faɗi gaskiya, kawu kuma ba shi da laifi, don Baturen da ya sani na ƙarni na 20 ne. Kakannin wannan Bature, tsakanin 1500 da 1700, wata duniya daban suka rayu a ciki.

A wancan zamani mutumin Ingila bai yarda abu yana faruwa haka siddan ba. Haihuwa, gobara, ɓarin ciki, mutuwar saniya, duk akwai hannun Ubangiji a ciki, ko kuma na Shaiɗan da izininsa. Da guguwa ta tarwatsa jiragen yaƙin Sifen da suka zo yaƙar Ingila a 1588, cewa suka yi Allah ne ya busa iska don ya kare su. Da annoba ta afka wa Landan a 1665, gobara ta biyo baya a 1666, masu wa'azi suka ce horo ne saboda zunubi. Zuwa coci ma ba ganin dama ba ne. Dokar 1559 ta sa tarar kwabo 12, wato sule ɗaya, a kan duk wanda ya ƙi zuwa ranar Lahadi ba tare da uzuri ba. To kin ga addini yana nan daram. Abin da ya faru shi ne an yi ta juya shi kamar waina.

Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534, ya zama shugaban cocin ƙasarsa, ya kuma rushe gidajen masu zuhudu ya kwashe dukiyarsu. Ɗansa Edward ya shigo da aƙidar Furotesta gadan-gadan, aka daina ibada da Latin aka koma Ingilishi a 1549. Yayar Edward, Mary, ta hau a 1553 ta mayar da Katolika, aka ƙone mutum kusan 300 da suka ƙi bi, har da Thomas Cranmer, tsohon babban limamin Canterbury. Elizabeth ta hau a 1558 ta sake juya akalar. Duk wannan cikin shekara 25 kacal.

Duk sa'ad da na koyar da wannan babi, nakan ce wa ɗalibai su bar fada su shiga ƙauye. Ki ɗauki wata gwauruwa mai saniya ɗaya da 'ya'ya uku. A da, in saniyar ta kwanta, tana da ruwan tsarki da za ta yayyafa mata. In ɗanta ya yi zazzaɓi, ta kunna kyandir ta roƙi wani waliyyi, ko ta yi alkawarin ziyartar kabarinsa. Mijinta da ya rasu kuwa, ta yi imani yana wani wuri tsakanin wuta da aljanna da ake kira Furgatori, inda ake wanke rayuka, kuma addu'arta da sadakarta suna rage masa wahala. Sai ga hukuma ta ce duk wannan camfi ne. An rushe hubbaren Thomas Becket, wani babban limami da suka ɗauka waliyyi, a 1538, wurin da mutane suka shekara fiye da 300 suna ziyarta. A 1547 aka soke wakafin da ake biyan limamai su yi wa mamata addu'a. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni. An ce wa mace mijinta ya wuce, babu sauran abin da za ta iya aika masa.

Sabon limami ya ce mata ta yi addu'a, ta yi azumi, ta yi haƙuri. Amma Shaiɗan bai je ko'ina ba, asali ma masu wa'azin Furotesta sun fi na da ambatonsa. An karɓe mata garkuwa, an bar ta a fagen fama. To ina za ta?

Da yawa wurin boka suka nufa. Kusan kowane yanki yana da nasa, mace ko namiji, mai ba da magani, mai karya sammu, mai gano ɓarawo. Wata dabararsu ita ce a soka almakashi a jikin rariya a riƙe, a yi ta kiran sunayen waɗanda ake zargi, in rariyar ta juya to an sami mai laifi. Manya kuwa masu duban taurari suke nema. John Dee ne ya zaɓa wa Sarauniya Elizabeth ranar naɗinta, 15 ga Janairun 1559.

Sai maganar maita. Kada ki ɗauka irin mayen da muke ji ne a nan, mai kama kurwa. A wurinsu mayya ita ce wadda ta ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan, aka ba ta wani aljani cikin siffar kyanwa ko kare ko kwaɗo, tana shayar da shi jininta yana yi mata aike. An yi dokoki a kan haka a 1542 da 1563 da 1604, ta ƙarshen a zamanin Sarki James, wanda shi kansa ya rubuta littafi kan shaiɗanu a 1597.

Ga misali ɗaya da aka rubuta shari'arsa dalla-dalla. A watan Maris na 1612, a yankin Pendle da ke arewacin Ingila, wata yarinya 'yar gidan talakawa mai suna Alizon Device ta gamu da wani ɗan koli, John Law, ta nemi ya ba ta fil. Ya ƙi kwance kayansa, ta yi masa baki. Bai yi nisa ba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yau likita zai kira sunan ciwon nan take. Amma ita kanta yarinyar ta yarda ita ce ta yi, har ta roƙe shi gafara. Daga nan bincike ya ci gidansu da na maƙwabta. Kakarta ta mutu a kurkuku. Ƙanwarta Jennet, 'yar shekara 9, aka tsayar a kotu ta ba da shaida a kan uwarta da wanta. A watan Agusta aka rataye mutum 10 a Lancaster.

Ki lura da yadda abin ya fara: roƙo, hani, baƙar magana, sai tsautsayi. Haka shari'o'i da yawa suka fara. Tsohuwa ta zo neman madara ko ɗan abinci, a kore ta, ta tafi tana gunaguni, bayan kwana biyu yaro ya kwanta. Wanda ya hana ta ya san bai kyauta ba, kuma ya fi masa sauƙi ya ce mayya ce da ya ce shi marowaci ne. Wani mutumin yankin Kent, Reginald Scot, ya gano wannan tun 1584, ya rubuta cewa waɗanda ake zargin galibi tsofaffi ne matalauta marasa gata. Ina girmama mutumin nan ƙwarai, don ya faɗa a lokacin da faɗin ba shi da farin jini.

Abin ya fi muni a lokacin yaƙin basasa, sa'ad da Matthew Hopkins ya bi garuruwan gabashin ƙasar daga 1645 ana biyansa yana farautar mayu, yana hana mata barci har su amsa laifi. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe a Ingila gaba ɗaya sun kai wajen 500, kuma ratayewa ake yi, ba ƙonawa ba. A hankali alƙalai suka daina yarda da irin wannan shaida. A 1736 majalisa ta soke dokar, ta mayar da hukuncin kan wanda ya yi da'awar yana da sihiri yana damfarar mutane. Ki gaida kawu.

Tambaya: Malam, na ji an ce sarakunan Ingila suna warkar da cuta da hannunsu. Tatsuniya ce? (Wani malamin firamare daga Maraɗi)

Amsa: Malam, taɓawar dai an yi ta, kuma a bainar jama'a. Akwai wani ciwo mai kumbura kaluluwar wuya, dangin tarin fuka, da suke kira cutar sarki. Sun yi imani cewa wanda aka shafa wa man naɗi a coci yana da albarkar da za ta kore shi. Marasa lafiya su yi layi, limami yana karatu, sarki ya shafa wuyan kowa ya rataya masa tsabar zinariya. Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685, ya taɓa mutum fiye da 90,000. Ciwon yakan lafa da kansa a wasu lokuta, sai a ce hannun sarki ne. Sarauniya Anne ce ta ƙarshe da ta yi. Cikin waɗanda aka kai mata a 1712 akwai wani yaro ɗan shekara biyu, Samuel Johnson, wanda ya girma ya tsara shahararren ƙamus na Ingilishi. Ciwon ya bar masa tabo a wuya, zinariyar kuma ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarsa. George na Ɗaya da ya hau a 1714 bai ci gaba da al'adar ba.