Amsa ga mai tambaya kan lambar QR a tallan gidaje

Malam, ka tambaya ko ya dace ka buga lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya ya buɗe shafin intanet, a duk tallanka na gidaje da fuloti. A ganina, sai a inda mutum ke tsaye da wayarsa a hannu.

Allon "na sayarwa" da ke jikin ƙofar gida shi ne wurinta. Mai wucewa ya tsaya, ya haska kyamara, nan take ya ga hotunan ɗakuna, tsakar gida, ko akwai rijiya, da farashi, ba sai ya jira dillali ya zo da makulli ba. Katinka da takardar talla ma ba laifi. Amma ka buga ta da girma: lambar da faɗinta bai wuce santimita 3 ba, sai an matso dab da ita take karantuwa. Kuma ka riƙa leƙa allon, don rana kan kodar da ita, wani ɗan damfara ma kan manna tasa a kai.

A babban allo na bakin titi kuwa, ɓarnar kuɗi ce. Wa zai fito da waya yana tuƙi? Haka a Facebook ko WhatsApp: mutum na kallon tallan a wayar da zai haska da ita, gara ka saka masa adireshin shafin intanet da zai latsa kawai.

Lambar wayarka dai ta fito ɓaro-ɓaro a gefe. Alhazan da ke sayen gida da gaske, da yawansu kira suke yi.