Tsila a Jikin Dabbobi: Wadda Ake Gani a Kashi da Wadda Ke Ɓuya a Hanta

Tambaya: 'Yan ragunana suna fitar da wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashinsu. Na yi musu allurar ivermectin amma ba su daina ba.

Amsa: Malam, gaɓoɓin tsila ne, irin da ake kira Moniezia. Ivermectin ba ya taɓa ta, haka ma levamisole. Ka yi musu ɗurin albendazole, miligiram 7.5 ga kowane kilo na nauyin tunkiya, akuya kuwa miligiram 10. A auna dabbar, kada a yi kirdado, kuma kada a bai wa mai sabon ciki a kwana 45 na farko. 'Yan raguna suna ɗaukar tsilar ne daga wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke cikin ciyawa, bayan kamar mako 6 ta fara zubo gaɓoɓi. Sai dai ka buɗe fatar idon ɗan ragon ka duba. In ta yi fari fat, tsutsa mai shan jini ce ke cin sa, ta kuma fi tsila kisa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Mun yanka saniya muka tarar da ƙulli mai ruwa a hanta da huhu. A jefa wa kare?

Amsa: Don Allah kada ku yi haka, nan ne masifar take. Ƙullin nan jaririyar tsilar Echinococcus ce. Kare ya ci, ta girma a hanjinsa, ya yi kashi a makiyaya, dabba ta haɗiye ƙwan da ciyawa. Mutum ma yana kamuwa, musamman yaran da ke wasa da kare, wani lokaci har sai an yi tiyata. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna tsilar ba iri ɗaya ba ce: wadda ake kira G1 ta fi yawa a tumaki, ita ce kuma ta fi kama mutane, G6 kuwa an fi samun ta a raƙuma da awaki. Dukkansu ta kan kare suke bi, kuma ɗuri ba ya cire ƙullin daga hantar dabba.

A ƙona kayan cikin da ya lalace, ko a binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Kan tunkiyar da ta mutu tana juyi wuri ɗaya ma haka, domin wata tsilar kare ce ke yin ƙulli a ƙwaƙwalwarta. Karen kuma a ba shi maganin tsila praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo, duk bayan mako 6, a ɗaure shi kwana biyu a ƙona kashinsa.