Ɗakin yana da sanyi, amma kabejin tsakiya yana ruɓewa

Tambaya: Ina da ɗakin sanyi da nake ajiye kabeji da karas. Ma'aunin da ke bango yana nuna digiri 2, amma in na cusa hannu cikin akwatunan tsakiya sai in ji ɗumi, wasu har sun fara ruɓewa, na gaban fanka kuwa sun yanƙwane. Mai sayar da inji ya ce in sayi babba. Wani injiniya kuma ya ce in biya shi ya kwaikwayi yawon iskar ɗakin a kwamfuta. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ma'aunin bango labarin iska yake ba ka, bai san halin da cikin akwati yake ciki ba. Kayan lambu ko bayan an girbe su da ransu, suna numfashi, numfashin kuma zafi yake fitarwa. Duk ƙarin digiri 10, numfashin kan ninka sau biyu zuwa uku. Ga kuma zafin rana da suka kwaso daga gona. In iska ba ta ratsa ta kwashe shi ba, tsakiyar tarin dafa kanta za ta yi.

Ita kuwa iska ba ta son wahala. Inda ta ga hanya a buɗe nan take bi: ta fito daga fanka, ta shafi saman kaya, ta koma. Ko ka ninka ƙarfin inji, hanyar nan dai za ta bi, sai dai na gaba su ƙara bushewa, wataƙila ma su daskare.

Fara da ƙananan ma'aunai masu ajiye bayani, ko guda biyar ne. Binne ɗaya a cikin akwatin tsakiya, ɗaya a lungu mafi nisa, ɗaya gaban fanka, ka bar su kwana biyu. Sannan ka janye kaya daga jikin bango, ka bar rata tsakanin layuka, kada tari ya kai bakin fanka. Duba akwatunan ma. Ana son kafofin gefe su kai kamar kashi 5 cikin 100 na faɗin gefen, kuma su yi saiti da na maƙwabcinsu. Na sha ganin akwati mai kafofi masu kyau an shimfiɗa masa leda a ciki, an toshe komai.

In har sayayya ta zama dole, ni fanka mai jan iska zan saya. A jera kaya layi biyu, a rufe ratar da tamfol, fankar ta zuƙo iska ta cikin akwatunan. Sanyin da kan ɗauki yini ko fiye sai ya samu cikin 'yan sa'o'i.

Aikin injiniyan ba yaudara ba ne. Manhajoji irin su ANSYS Fluent da OpenFOAM suna yanka ɗaki zuwa ƙananan gurabe masu yawan gaske, su lissafa gudun iska da zafi a kowanne. Ya fi amfani ga mai shirin gina babban ɗaki, tun ba a kafa fanka ba. In ka ɗauke shi, ka ce ya gwada sakamakonsa da abin da ma'aunanka suka nuna. Hoto mai launi kaɗai bai isa a biya ba.

Tambaya: Zan iya haɗa tumatir da kokwamba da latas a ɗaki ɗaya?

Amsa: A'a, Hajiya. Latas na son kusan digiri 0, kokwamba kuwa ƙasa da 10 sanyi lalata ta yake yi. Tumatir mai nuna kuma yana fitar da iskar etilin, wadda ke sa latas ɗigo-ɗigon tsatsa, ta mai da kokwamba rawaya. Ƙananan ɗakuna daban-daban sun fi miki babba ɗaya.